Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: 'Ya'yan Itace da Ciwon Dajin Huhu

A makon jiya ne wata wasiƙa ta iso mini daga Shagamu, daga hannun wani saurayi wanda mahaifinsa ya daɗe yana fataucin goro tsakanin kurmi da Arewa. Ya ce tsohon ya yi wata da watanni yana tari, aka yi ta ba shi maganin tarin fuka babu sauƙi. Sai daga baya, da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka kuma ɗebi 'yar tsoka aka auna, likitoci suka ce ciwon daji ne a huhu, har an sa masa ranar fara magani. Ana cikin haka sai wani ɗan'uwansu ya turo saƙo ta waya, wai masana sun gano cewa ɗan itacen nan mai ƙaya-ƙaya da ake sayarwa a kasuwannin kudu, wanda ake kira sawasof, yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, har ma ya fi allurar asibiti nesa ba kusa ba. Tambayar saurayin ita ce, ko su dakatar da zuwa asibiti su gwada wannan tukuna, tun da yake kuɗin magani yana neman ya fi ƙarfinsu?

Aikina jarida ne, ba likitanci ba, saboda haka ba zan rubuta wa kowa magani ba. Amma bin diddigin labari aikina ne, kuma na bi diddigin wannan. Amsata ga ɗan'uwana na Shagamu ita ce, kada ku dakatar, ko da na kwana ɗaya ne. Ban ga laifinku ba da kuka yi tunanin haka, domin Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai tilas ne a gaya muku cewa abin da aka miƙo muku yana da kaifi. Ga dalilina.

Da farko, saƙon nan ba ƙarya ba ce tsagwaronta, kuma wannan shi ya sa yake da haɗari. Gaskiya ne masana a jami'o'i da dama, har da na ƙasarmu, sun zuba ruwan da suka tatso daga sawasof, da inabi, da rumman, da ɓawon lemo, a kan ƙwayoyin ciwon dajin huhu, suka ga sun mutu. To amma a ina suka mutu? A cikin faranti. A shekarar 1972 aka yanko ƙari daga huhun wani mutum ɗan shekara 58 a Amurka, aka raya ƙwayoyinsa a cikin ruwa mai abinci, suka yi ta hayayyafa har wa yau. Sunansu A549, kuma ana aika su ɗakunan gwaje-gwaje ko'ina a duniya. Mai bincike zai busar da ɗan itace, ya niƙa, ya jiƙa garin a wani sinadari mai janyo abin da ke ciki, ya tace, ya ƙafar da ruwan har ya yi kauri. Sa'an nan ya ɗiga shi a kan ƙwayoyin nan, ya bari kwana ɗaya zuwa uku, kana ya ƙidaya waɗanda suka saura da rai. In rabi sun mutu, sai ya rubuta cewa wannan ɗan itace yana da alamar yaƙi da ciwon daji. Ku lura da kalmar, alama.

Mai binciken bai yi laifi ba, matakin farko ke nan na aikinsa. Amma faranti ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da ƙoda, ba shi da jini. Ko gishiri ka zuba da yawa a cikinsa, ko ruwan sabulu, ƙwayoyin za su mutu, alhali kuwa babu mai hankalin da zai ce sabulu maganin daji ne. Abin da mutum ya haɗiye sai ya bi ta ciki, ruwan ciki ya narkar da wani, hanji ya ƙi karɓar wani, hanta ta sarrafa abin da ya shige, ƙoda ta zubar da shi cikin fitsari. Ɗan abin da ya tsira shi ne zai watsu cikin jini wajen lita biyar, kana ya nemi hanyar shiga tsakiyar ƙari. Tambayar da ke da nauyi ba ita ce ko abu yana kashe ƙwayar ciwo ba. Tambayar ita ce, ko yana isa wurinta da ƙarfinsa, ya kashe ta, ya bar mai ita da rai.

Ga misali daga inabi. A shekarar 1997 wata babbar mujallar kimiyya ta Amurka ta buga rahoto cewa wani sinadari na fatar inabi, mai suna resberatorol, yana tare ciwon daji a faranti da kuma a fatar ɓeraye. Duniya ta ɗauka. Da aka ba mutane suka sha, aka auna jininsu, rahoton 2004 ya nuna cewa hanji yana karɓar mafi yawansa, amma nan da nan jiki ke sauya shi, har abin da ke yawo a jini da kamanninsa na asali bai taka kara ya karya ba. A shekarar 2008 wani babban kamfanin magunguna na Ingila ya biya dala miliyan 720 ya sayi ƙaramin kamfanin da ke aiki a kan wannan sinadari. A 2010 aka tsayar da gwajinsa a kan masu ciwon dajin ɓargo, saboda ƙodar waɗansu daga cikinsu ta sami matsala. Masu kuɗi da masu ilmi ke nan, su ma sun hango Dala suka zaci sun shiga birni.

To amma labarin da ya fi kamata kowa ya sani, musamman mashaya taba, shi ne na bita-karotin, watau sinadarin da ke ba karas, da mangwaro, da gwanda, da manja launinsu. Tun da daɗewa likitoci suka lura cewa mutanen da ke yawan cin 'ya'yan itace da ganyaye ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu kamar sauran ba, kuma jininsu yana ɗauke da bita-karotin mai yawa. A shekarar 1981 manyan masana, ciki har da Richard Doll da Richard Peto na Ingila, suka kawo shawarar a gwada shi. Wannan Doll kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne tare da Bradford Hill suka nuna a 1950 cewa taba na jawo ciwon dajin huhu. Duk alamu sun yi kyau, na faranti, da na dabbobi, da na ƙididdigar jama'a.

Aka yi gwajin a ƙasar Finlan, a kan maza mashaya taba 29,133, 'yan shekara 50 zuwa 69. Rabinsu suna shan miligiram 20 na bita-karotin kullum, sauran rabin ba sa samunsa, kuma babu wanda ya san ɓangaren da yake. Aka bi su shekara biyar zuwa takwas. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha sinadarin. Waɗansu suka ce ai katari ne. Sai ga gwaji na biyu a Amurka, a kan mutum 18,314, mashaya taba da waɗanda suka daina da kuma ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, aka ba su bita-karotin haɗe da bitamin A. A watan Janairu na 1996 aka tsayar da shi tun wa'adinsa bai cika ba, domin ciwon ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, mutuwa kuma ta ƙaru da kashi 17.

Ku duba fa, jama'a. Abin da ke cikin mangwaro ne, ba guba ba. Amma da aka raba shi da mangwaron, aka dunƙule shi cikin ƙwaya, aka ninka yawansa, aka ba mai huhun da hayaƙi ya riga ya ci, sai ya koma abokin gaba. Da ba a yi wannan gwaji ba, da har yanzu ana sayar wa mashaya taba shi da sunan rigakafi, suna saye suna godiya, babu mai sanin abin da ke ƙara musu mutuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga kuma labarin ƙwallon afirkot, wani ɗan itace na ƙasashen sanyi. A cikin shekarun 1970 aka cika Amurka da tallar wani magani mai suna Laetrile, wanda ake yi daga sinadarin da ke cikin ƙwallon, dubban marasa lafiya suka riƙa tsallakawa Meziko don nemansa. Da surutu ya yi yawa sai hukuma ta sa asibitin Mayo da waɗansu cibiyoyi suka gwada shi a kan mutum 178. Sakamakon da aka buga a 1982 ya nuna babu wanda ya warke, ciwo bai tsaya ba, rayuwa ba ta ƙaru ba. Daɗin daɗawa, waɗansu sun nuna alamun gubar sayanayid, domin ita ce abin da wannan sinadari ke saki a cikin jiki.

To, mu koma ga sawasof ɗin da aka yi wa ɗan'uwanmu talla. Shi dangin gwandar daji ne, irin wadda muka sani a dazuzzukan Arewa. Sinadaran da ke cikinsa, babbansu ana kiransa anonasin, suna aiki ne ta hanyar toshe wurin da ƙwayar halitta ke samar da ƙarfin da take rayuwa da shi, kamar a kashe injin da ke ba gari wuta. Shi ya sa ƙwayoyin A549 ke mutuwa a faranti. Sai dai wannan injin ba ƙwayar ciwo kaɗai ke da shi ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma da shi suke rayuwa. A shekarar 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup, da ke yankin Karibiyan, suka ba da rahoton wani irin ciwon ƙagewar jiki da rashin daidaiton tafiya, mai kama da na Parkinson amma ba ya jin maganinsa, kuma mafi yawan masu shi mutane ne da suka daɗe suna cin wannan ɗan itace da shan shayin ganyensa. Daga baya aka ba ɓeraye anonasin, aka ga ya lalata musu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wanda ya ci sawasof jefi-jefi don marmari bai kamata ya tsorata ba. Amma mai dafa ganyensa safe da yamma, wata da watanni, yana iya rasa ido garin neman gira. Har yau kuwa babu wani gwaji a kan mutane da ya tabbatar cewa yana warkar da ciwon dajin huhu.

Kada wani ya ce ina raina itatuwa, ko ina wulaƙanta ilmin kakanninmu. Ko kusa. Allurar asibitin nan da saƙon ya kushe, wadda ake gudu, mai yiwuwa ne daga itace ta fito. Akwai wata fulawa 'yar asalin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda ake shukawa don ado a gidaje da makarantu a ƙasar nan. Mutanen Jamaika suna shan shayin ganyenta don ciwon sukari. Da masana biyu a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, suka gwada ta, ba ta sauke sukari ba, amma sun ga tana rage fararen ƙwayoyin jini, a 1958 suka fito da maganin daji daga cikinta. Daga zuriyarsa ne Faransawa suka sarrafa binorelbin, wanda aka amince da shi a 1989 don ciwon dajin huhu. Haka kuma itoposaid, wanda ake yi wa masu nau'in ciwon da ke saurin yaɗuwa, daga saiwar wani tsiro aka samo asalinsa.

Mafi shahara shi ne Taxol. A shekarar 1962 aka ɓanɓaro ɓawon wata bishiya a dajin jihar Washinton ta Amurka. A 1971 masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka gano ƙirar sinadarin da ke ciki. A 1979 wata masaniya, Susan Horwitz, ta gano yadda yake hana ƙwayar ciwo rabuwa biyu. Sai a ƙarshen 1992 aka yarda a ba marasa lafiya, shekara talatin cif bayan ɓanɓaro ɓawon. Wannan bishiya kuwa tana cikin dubban tsirrai da cibiyar ciwon daji ta Amurka ta tattara tsakanin 1960 da 1982, inda aka gwada ruwan tsirrai wajen iri 114,000. Waɗanda suka zama magani daga cikinsu ana iya ƙirga su da yatsu. Ko magungunan dajin da suka tsallake faranti da ɓeraye suka kai ga gwaji a kan mutane, waɗanda ke cin jarrabawar ƙarshe ba su kai ɗaya cikin goma ba. Bambancin Taxol da tafasasshen ganye ba wai ɗaya na Bature ɗaya namu ba ne. Bambancin shi ne, an san abin da ke cikin ɗaya, an san awonsa, an san illarsa, an kuma ƙidaya waɗanda ya yi wa amfani.

Mu ma a nan gida mun taɓa bin wannan hanya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, da kanumfari, da karan dafi, da itacen wata bishiya, ta tace shi, ta auna, ta gwada a kan masu ciwon sikila, aka buga sakamakon a 2001, aka sa masa suna Niprisan. Wannan ya nuna cewa ba gagara ba ce. Ɗinya, da kanya, da magarya, da aduwa, da goruba, duk sun cancanci a bincike su. Abin takaici shi ne, yawancin bincikenmu a faranti yake ƙarewa. Ɗalibi ya ɗiga ruwa, ya ƙidaya ƙwayoyi, ya karɓi digirinsa, a rufe littafi a kabad, domin babu kuɗin mataki na gaba. Sa'an nan mai talla ya tsinci takardar ya ɗaga ta a tasha, yana cewa jami'a ta tabbatar.

A nan ne tilas mu 'yan jarida mu karɓi namu rabon na laifi. Masani ya rubuta mai yiwuwa, mu kuma mu buga an gano. Ya ce a faranti, mu share kalmar domin kanu ya yi daɗi. Haka kuma lambar hukumar NAFDAC da masu talla ke nunawa a jikin kwalbar maganin gargajiya, abin da take nufi shi ne an duba ba a ga cutarwa ta kusa ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkarwa, shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Sai dai rubutun ƙanana ne, lasifika kuwa babba.

Mene ne farashin jinkiri? Masana a jami'ar Yale ta Amurka sun bi tarihin mutum 281 da suka ƙi maganin asibiti suka dogara ga waɗansu hanyoyi kaɗai, suka gwama su da irinsu da suka karɓi magani. Rahoton da suka buga a 2018 ya nuna haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a wurin masu ciwon huhu kuwa ya haura ninki biyu. Ciwon dajin huhu ba ya jiran kowa. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa in an kama shi tun bai fita daga huhu ba, fiye da mutum 60 cikin 100 suna kai shekara biyar, amma in ya riga ya yaɗu zuwa sassa masu nisa, ba su wuce kimanin 10 ba. A duniya baki ɗaya, a shekarar 2022, ya kama mutum wajen miliyan 2.5, ya kashe miliyan 1.8, watau ya fi kowane ciwon daji kisa. Mahaifin ɗan'uwanmu ya riga ya yi asarar watanni ana yi masa maganin tarin fuka. Ba shi da waɗansu watannin da zai ba ganye.

Saboda haka ga shawarata gare ka, ɗan'uwana na Shagamu. Ka kai Baba ranar da aka sa masa. Ka gaya wa likita gaskiyar aljihunku ba tare da jin kunya ba, ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ka tara dangi da abokan sana'arsa na kasuwar goro, domin ranar zumunci ke nan. Ka ba shi gwanda, da kankana, da ayaba, da lemo, gwargwadon abin da ransa ke so, domin mai jinya yana bukatar abinci mai kyau. Amma duk abin da zai shiga bakinsa da sunan magani, ko na tafasawa ne ko na kwalba, likita ya sani. Ko garehul, ɗan itacen nan mai kama da babban lemo, tun 1989 aka gano a Kanada cewa ruwansa yana hana hanji sarrafa waɗansu magunguna, har su taru a jini su wuce kima, kuma waɗansu ƙwayoyin da ake ba masu ciwon dajin huhu suna cikinsu. In lemo yana iya haka, ina ga haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba?

Ga sauran masu karatu kuma, akwai ganye guda ɗaya da babu gardama a kan dangantakarsa da ciwon dajin huhu, shi ne ganyen taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ke jawo kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan ciwo. Wanda ya daina, bayan shekara goma haɗarin mutuwarsa da ciwon yakan ragu da kusan rabi, kuma babu ɗan itacen da ya taɓa yin kusa da haka. Shisha da samarinmu suka runguma ita ma taba ce, ko da an sa mata ƙanshin tuffa. Iyayenmu mata da ke girki da itace ko gawayi a ɗaki rufe, a buɗe musu taga. Wanda ya yi mako biyu yana tari ya je a auna shi, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. In kuwa an sha maganin babu sauƙi, ko ana ganin jini a majina, ko rama, ko dishewar murya, a koma a nemi hoton ƙirji, kada a zauna ana sake maimaita magani ɗaya.

Ina fata wata rana za mu buga a wannan shafi cewa an sami maganin daji daga wani itace na dazuzzukanmu, an gwada shi a asibitocinmu, an ƙidaya waɗanda suka tashi. Ran nan ni zan fara yin shela. Kafin sa'an nan, duk wanda ya ce muku masana sun gano, ku tambaye shi, a faranti ne, ko a ɓera, ko a mutum? In a mutum ne, mutum nawa, kuma su wa aka gwama su da su? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ku riƙe kuɗinku.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya buɗa muku hanyar da ba ku zata ba. Allah Ya ba dukkan marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.